Tambaya da Amsa: Wane Tsibiri Zan Je In Ga Dutse Mai Aman Wuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina, kuma duk shekara ina koyar da darasin aman wutar dutse alhali ban taɓa ganinsa da idona ba. Na yi ɗan tanadi, ina so in ziyarci wani tsibiri mai irin wannan dutse a nan Afirka. Wanne ya fi dacewa, kuma babu haɗari? Sannan ɗalibaina suna yawan tambaya ko duwatsun Dutsin-Ma da na Funtuwa su ma sun taɓa yin aman wuta.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Bari mu fara da tambayar ɗalibanka, domin amsarta ce za ta nuna maka abin da za ka je nema. Mafi yawan manyan duwatsun da ake gani a kudancin Jihar Katsina giranit ne, wato narkakken dutse da ya daskare can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, daga baya ruwa da iska suka zaizaye abin da ya rufe shi har ya bayyana, wato ba aman wuta ne ya fito da shi ba. Saboda a hankali ya huce, idan ka fasa shi za ka ga ƙwayoyi manya, fari da ja-ja da baƙi, waɗanda ido ke iya rarrabewa, kamar yadda kowa ke gani a tsakuwar kankare. Dutsen da ya fito ta aman wuta kuwa a sarari ya huce, cikin gaggawa, shi ya sa ƙwayoyinsa ba sa ganuwa; galibi baƙi ne, kuma sau da yawa cikinsa ramuka ne kamar cikin burodi, inda iskar da ke ciki ta kumbura kafin ya sandare.

Tsibirin da ya fi kusa da mu shi ne Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, inda birnin Malabo yake, ƙasa da kilomita 40 daga gaɓar Kamaru. Yana cikin jerin duwatsun aman wuta da ya taso daga teku ta tsibiran Annobon da Sawo Tome da Firinsife, ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, reshensa ya kai har Biu a Jihar Borno. Dutsen Basile da ke tsibirin ya haura mita 3,000, kuma rabonsa da aman wuta tun 1923. Wuri ne mai ban sha'awa ƙwarai, amma ga mai neman ganin dutse yana da cikas: ruwan sama ya yi yawa, har a kudancinsa akwai ƙauyen Ureka da ke samun kusan milimita 10,000 a shekara, don haka kurmi ya lulluɓe kusan komai, gajimare kuma yakan rufe ƙololuwar. Ga kuma biza, ga neman izinin hawa da na ɗaukar hoto.

Shawarata ita ce ka nufi tsibirin Fogo na ƙasar Kef Barde, wadda tsibiranta ke cikin Tekun Atlantika kimanin kilomita 570 yamma da Sanagal. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwa irin tamu ta Sahel, saboda haka dutsen a tsirara yake, babu abin da ya ɓoye shi. Daga Firaya, babban birnin ƙasar, ana shiga ƙaramin jirgin sama ko jirgin ruwa zuwa garin Sawo Filife, sai mota ta yi ta hawa da kai har ka shiga wani ƙaton kwari mai faɗin kusan kilomita 9, wanda katangar dutse mai tsayin kusan mita 1,000 ta kewaye shi ta yamma. A cikin kwarin ne ƙololuwar Fogo take, mita 2,829 daga saman teku.

Abin da ya sa na fifita shi shi ne aman wutarsa sabo ne. Ya yi a 1951 da 1995, sannan ya sake farawa ranar 23 ga Nuwamba 2014, bai lafa ba sai Fabrairun 2015. Narkakken dutsen ya malalo a hankali, ya cinye ƙauyukan Fortela da Bangayera, amma ba a rasa rai ba domin an kwashe mutane da wuri. Yau za ka iya tsayawa a gefen malalar, ka ga rufin gida yana leƙowa daga cikin baƙin dutse, ka taɓa inda ya daskare da santsi a murɗe da inda ya farfashe da kaifi mai yaga takalmi. Mutanen kuma sun koma sun sake gini, domin tokar dutsen tana riƙe laima kuma tana da albarka: sukan haƙa rami a cikinta su dasa inabi da rumman da tuffa da wake, a gangaren arewa maso gabas kuma ana noman kofi. Wannan shi ne darasin da littafin aji ba ya iya nunawa, wato dalilin da ke sa mutane zama kusa da abin da ya rushe musu gidaje.

Game da haɗari, akwai shi, amma mai kiyayewa yana iya kauce masa. Kada ka hau ba tare da ɗan jagora na ƙauyen ba, ka tashi da asuba domin hawan yakan ci awa uku zuwa huɗu, ka riƙi ruwa isasshe da takalmi mai kauri da rigar sanyi, don dare a can sama ya fi hunturun Katsina tsanani. Kada ka sauka cikin ramin da ke fitar da hayaƙi mai warin ƙibiritu, domin iskar da dutse ke fitarwa tana kisa ko babu wuta, kamar yadda ta hallaka mutum fiye da 1,700 a Tafkin Niyos na Kamaru a 1986. Ka lura kuma hazon hunturu yana kaiwa har can, yakan hana ƙananan jirage tashi tsakanin Disamba da Fabrairu.

Kef Barde tana cikin ƙungiyar ECOWAS, amma duk da haka ka tuntuɓi hukumominta kan sharuɗɗan shiga kafin ka sayi tikiti, ka tanadi katin rigakafin shawara da shaidar masauki da tikitin dawowa. Harshen hukuma Fotugis ne, kuma Musulmi kaɗan ne, sai ka yi shirin abincinka. Idan kana so ka kawo wa ɗalibai guntun dutse, ka nemi izini, domin wurin gandu ne da hukuma ke karewa. Idan kuwa guzurin bai kai ba bana, ka fara da Biu bayan ka tabbatar da lafiyar hanya, inda za ka sami baƙin dutsen aman wuta a gonaki da kuma Tafkin Tila, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutse da ya daina aman wuta.