Muryar da likitan haƙori ya turo kan dashen haƙori: shekara nawa yake yi, kuma yaya ake kula da shi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Baba Alhaji, na saurari tambayarku: an ba ku shawarar dashen haƙori a gurbin turmin da aka cire, kuna son sanin ko abu ne mai ɗorewa, da irin kulawar da yake buƙata. To, bismillah.

Da farko dai, wannan daban yake da haƙorin Makka da ake lulluɓa wa haƙori mai rai. Shi dashe kashi uku ne. Akwai ƙusar ƙarfen taitaniyam mai murɗi da ake shigarwa cikin ƙashin muƙamuƙi, akwai ɗan mahaɗi da ake ɗaura mata, sannan kan haƙorin da ido ke gani. Ƙashi yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya kama ƙusar gam, kuma muƙamuƙin sama ya fi jinkiri saboda ƙashinsa ya fi taushi.

Batun shekaru, kowane kashi da nasa. Kan haƙorin yakan yi shekara 10 zuwa 15, sai ya goge ko ya tsage a canza shi, ƙusar tana nan ba a taɓa ta ba. Ita kuwa ƙusar, cikin goma fiye da tara suna nan da ƙarfinsu bayan shekara 10. Mutumin farko da Farfesa Brånemark, wanda ya fara dashen taitaniyam na zamani, ya yi wa dashe a ƙasar Suwidin a 1965, da nasa ya rasu a 2006, shekara 40 da ɗoriya ke nan.

Amma fa Baba, a nan nake so ku ba ni kunne. Ƙarfe ba ya ruɓewa, tsutsa ba ta cin sa, shi ya sa mutane ke sakaci. Abin da ke kayar da dashe shi ne ciwon dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi. Dauɗa ta taru a gindin, dasashi ya kumbura ya yi ja, ya riƙa jini idan an goge. A wannan mataki wanki wurin likita da gyaran goge baki sun isa. In aka bar shi, ciwon ya sauka ƙashi, ƙashin ya riƙa zaizayewa kamar ƙasar gindin turke lokacin damina. Kuma dashe ba shi da jijiyar da za ta yi zogi ta farkar da mutum. Sau da yawa sai wari, ko mugunya, ko an ji ita ƙusar kanta tana girgiɗi, a lokacin kuwa aiki ya riga ya yi nisa.

Kulawar yau da kullum: buroshi mai laushi da man goge baki, safe da dare, minti 2, a karkata buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi. Sau ɗaya a rana a bi tsakanin haƙora da zaren sakace ko ɗan siririn buroshin tsakani. Asuwaki yana da kyau, a ci gaba da shi, sai dai ba ya shiga lungun gindin dashe. Gawayi, toka, da sakace da allura ko tsinken ashana, a bar su, suna karce kan haƙorin suna raunata dasashi.

Sai abin taunawa. Ƙashin balangu, busasshiyar aya, ɓare rake, ƙanƙarar da muke tauna lokacin zafin nan na Sakkwato, da buɗe kwalbar lemo da baki, duk suna fasa kan haƙori ko su kwance mahaɗin. Goro kam na san rabuwa da shi sai a hankali, a tsaga shi ƙanana a tauna ta ɗaya gefen, a kurkure baki. Mai cizon haƙora cikin barci ya nemi a yi masa robar sawa da dare.

Manyan abokan gaba biyu ne: taba, har da shisha, domin tana rage jinin da ke zuwa dasashi, da ciwon suga da ba a daidaita ba. Mai suga ya fara saita shi tukuna kafin a taɓa masa ƙashi.

Makon farko bayan aikin, abinci mai laushi kamar kunu da ya huce, kada a tsotsi abu da tsinke, kuma bayan kwana ɗaya a fara kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Daga nan kuma ganin likita duk wata 6, ko a sashen haƙori na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko wurin wanda ya yi aikin, a riƙa ɗaukar hoton ƙashin ana kwatanta shi da na farko. In kun ji kan haƙorin yana motsi, ku daina tauna ta wajen ku zo cikin makon, don galibi mahaɗin ne ya saki, ɗaurewa kawai za a yi. Wassalam.