Kakana da ƙafa ya zo Kumasi, ni ma da ƙafa na ci abinci

Malam, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Tambayarka ta ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Ka ce yaya aka yi yaran Hausawa a Ghana suka bar allo da kasuwa suka koma bin tamaula, kuma wai da aurenmu da Asante da wannan Hausar tamu, anya akwai sauran Hausanci a jikinmu? Ni da na kwashe ƙuruciyata a fili, daga ƙwallon yara ta unguwa har Turai, bari in ba ka amsa.

Kakana Ba'agale ne, daga Kano ya biyo ayari zuwa Salaga neman goro, daga baya ya gangaro Kumasi ya zauna a zango. A nan aka haifi babana, a nan aka binne su duka biyun. A 1969, da gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takarda, ƙannen kakata suka hau motar kaya suka nufi ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. Mu muka zauna. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ya san ba shi da gonar gado a nan. Abin da Allah ya ba shi a jiki, da shi zai nema.

Kuma ba mu muka fara ba. Babban filin wasan Kumasi, inda Asante Kotoko take wasa, sunan ɗan ƙwallo Baba Yara yake ɗauke da shi; ka saurari sunan da kyau. Hatsarin mota ne ya kwantar da shi a 1963 yana kan ganiyarsa, ya rasu a 1969, amma har yau tsofaffinmu suna zancen gudunsa a gefen fili. A 1978, da Ghana ta ɗauki kofin Afirka a gida, Abdul Razak na Kumasi ne ya ci Tunisiya a wasan kusa da na ƙarshe, shi ne kuma gwarzon ɗan wasan Afirka na shekarar. Mohammed Polo ɗan Nima ne a Akra, haka ma Mohammed Kudus da ya zura wa Koriya ta Kudu biyu a Katar a 2022. Ba na ce maka dukansu Hausawa ne ta jini ba. Zango ya tara Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Fulani, amma idan yaransu suka haɗu a fili, da Hausa ake ihun "ba ni nan!"

Babana tela ne, kuma bai so ƙwallo ba ko kaɗan. Sharaɗinsa ɗaya: ba fili sai an tashi daga makarantar allo. Takalmin wasana na farko innata ce ta saya, gwanjo, daga cinikin koko da ƙosai. Ina tuna yadda ta kwance bakin zaninta da asuba tana ƙirga mini kuɗin a bayan ɗaki don kada ya gani. Takalmin ya yi mini yawa, sai na cusa tsumma a gaba. Shekara biyu na yi da shi.

Ranar da zan tafi Turai, Baba ya ajiye almakashi ya dube ni ya ce, "Kakanka ma da ƙafa ya ci abinci. Ka tafi, amma kada ka bar salla." Duk lokacin da na kira waya, tambayarsa biyu ce: ka yi salla, kuma yaya gwiwar?

Ku a can kuna ganin motar da ɗan wasa ya hau. Ba ku ganin ɗakin da yake kwana shi kaɗai cikin sanyi, yana shan ruwan azumi da burodi bayan atisaye sau biyu. Ina da buri, na yarda. Na so a san sunana, na so rigar ƙasa. Amma burin ɗan zango ba nasa ba ne shi ɗaya. Albashina na farko kwanon rufin gidanmu ya saya, na gaba ya kai Inna Makka, sauran kuma kuɗin makarantar ƙanne da 'ya'yan maƙwabta. Ban taɓa jin nauyin wannan ba. Abin da har yau yake cina shi ne rasuwar Baba. An kira ni da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Babu jirgin da zai kawo ni. Washegari na shiga fili na buga minti casa'in, ban san me na buga ba.

Batun aure kuwa, i, matata 'yar Asante ce. Ta musulunta, an kai lefe, an sa ta a lalle, liman ya ɗaura kamar kowane aure. Su Asante ɗa na dangin uwa ne, mu kuma na uba, sai yarana suka tashi kowane ɓangare yana cewa nasa ne. Ita ce ta yi jinyar Inna wata bakwai ina waje, ita take juya ta a gado, tana dama mata kunu. Idan wani ya ce auren ya rage mini wani abu, zuciyata takan yi zafi.

Hausarmu kuma na sani, yaranmu sukan ce wa mace "ya zo", kuna jin haka ku yi dariya. Ni ma an yi mini a masallaci a Ingila, wani Bakano ya ce in maimaita. Na maimaita, ya gane, muka ci tuwo a kwano ɗaya. Harshen da ya yi fiye da shekara ɗari a tsakiyar Twi, yaren Asante, kakanni suka riƙe shi ba makaranta ba hukuma, ya kamata a yi masa sannu kafin a yi masa gyara.

Yanzu gwiwa ta zaunar da ni, ina horar da yara da yamma. Babban ɗana yana cikinsu, kuma sharaɗin Baba na kafa masa. Na yi masa alkawarin in ya sauke zan kai shi Kano ya ga Kasuwar Kurmi, inda kakan babansa ya ɗaura kaya. Idan Allah ya nufa, sai ka yi mana jagora.