Gidan haya a Maine: shin na'urar ɗumama marar bututu za ta mayar da kuɗinta?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Lewiston, jihar Maine ta Amurka. Ina da gida mai sassa biyu da na ba da haya, kuma ni ke biyan kuɗin man da tukunyar ɗumama gidan ke sha. Ana ta ba ni shawarar in sa na'urar ɗumama marar bututun iska. Shin kuɗina zai fita?

Amsa: Alhaji, wannan na'ura ƙirarta ɗaya da esin bango da muka sani a gida, sai dai ita tana iya juya aikinta, ta zuƙo ɗumi daga iskar waje ta shigo da shi ɗaki. Da yake kwaso ɗumin take yi, ba ƙirƙirar sa ba, kowane yunit na lantarki yakan ba da ɗumin yunit biyu zuwa uku. Sanyin Maine bai fi ƙarfinta ba, domin samfuran Mitsubishi da Fujitsu na ƙasashen sanyi suna aiki har digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, kuma jihar ta cika burinta na sanya guda 100,000 tun 2023.

To amma riba a lissafi take. Galan ɗaya na mai, bayan an cire abin da ke bin hayaƙi, yana ba da ɗumin da na'urar za ta samar da yunit 13 ko kusa da haka. Saboda haka ka ninka farashin yunit ɗaya sau 13, ka gwada da farashin galan. Abin da ya rage shi ne ribarka a kowane galan, shi kuma za ka auna da kuɗin sanyawa, bayan ka cire rangwamen da Efficiency Maine, hukumar da ke tallafa wa tsimin makamashi a jihar, ke bayarwa. Da gas gidan ke amfani da shi, da na ce ka dakata, don tazarar takan yi ƙanƙanta.

Abin da ya fi muhimmanci a wurinka shi ne mita. Idan kowane sashe yana da tasa, nauyin ɗumama gidan zai koma kan 'yan haya, kuma adalci shi ne a sauya yarjejeniya a rage musu kuɗin haya kafin hunturu. In ba haka ba, mai tsoron kuɗin wuta zai kashe na'urar, famfunan ruwa su daskare su fashe, gyaran kuwa a aljihunka zai ƙare.

Kada ka cire tsohuwar tukunyar, domin ɗumin na'urar bango ba ya ratsa ƙofar da aka rufe, kuma ba ya sauka ɗakin ƙasa inda bututun ruwa suke. Ka kuma sa mai aikin ya ɗora injin waje a kan ƙafafu masu tsayi, nesa da bakin rufin da dusar ƙanƙara ke zubowa. Ka fara da sashe ɗaya a bana, takardun kuɗin wuta na Janairu da Fabrairu su nuna maka ko za ka ƙarasa ɗayan.