Adalci ne a ci tarar mai ƙaramin shago kan lasisin lojisiyel?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ina da sekretariya kusa da Kasuwar Dole nan Zinder, muna buga takardu da fotokopi, kwamfuta biyar ne dukkansu ƴan hannu na sayo daga Kano, da Windows da Word da Photoshop a ciki na same su. Yanzu wani ke ce min a ƙasashen waje ana cin tarar masu sana'a kan haka. Wannan adalci ne kuwa, alhali ni da kuɗina na saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da maganar da ba ta da daɗi, abin da ka biya kuɗinsa shi ne injin, amma lojisiyel ɗin, wato irin su Windows da Word da Photoshop, izinin amfani ake saye, shi ne lasisi, kuma sau da yawa mai gyara ne ya dura kwafi ɗaya a inji ɗari. Doka na bayan mai shi, domin Nijar na cikin ƙungiyar OAPI ta kare haƙƙin mallakar fasaha a Afirka, mai ofis a Yawunde, kuma yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka gyara a 1999 da 2015, ta sa lojisiyel cikin ayyukan da ake kare wa haƙƙin mallaka kamar littafi. Mutane ne suka yi shekaru suna rubuta shi, guminsu ne, ban yarda a ce tunda kamfanin na da arziki haƙƙinsa ya faɗi ba.

To amma yadda ake bin haƙƙin, nan ne nake da ja. A Amurka akwai ƙungiyar BSA mai bin haƙƙin masu lojisiyel, wadda manyan kamfanoni irin su Microsoft da Adobe ke ciki, har tukuici ta riƙa sa wa ma'aikacin da ya tona asirin maigidansa, ka ga ke nan wanda aka kora jiya shi ne mai kai ƙara yau. A shekarar 2000 an dira kan kamfanin Ernie Ball mai yin tsirkiyar gita a Kalifoniya, aka sami wasu kwafi marasa lasisi a injinansa, ya biya tarar dubban daloli kuma aka baza sunansa a labarai, mai kamfanin ya yi fushi ya koma Linux, wanda ke aiki a madadin Windows kuma kyauta ne. Wallahi abin da ke damuna shi ne babban kamfani na da lauyoyi da ma'aikacin da aikinsa kawai ajiye takardun lasisi, shi kuwa ƙaramin ɗan kasuwa ko ya saya da halalinsa in faktir ta ɓace sai a ɗauke shi kamar ɓarawo, ga farashin da dala ko yuro yake, ga katin biya ta intanet da ba kowa ke da shi ba, Adobe ma tun 2013 ta koma kuɗin wata-wata, kai kuma ƴan sefa kake karɓa kan shafi ɗaya. Wanda ke dura kwafi yana sayarwa da saninsa a hukunta shi. Irinka da ya saya bai sani ba, kamata ya yi a yi mai gargaɗi, a ba shi wa'adi da sauƙin farashi kafin a yi zancen tara.

Yanzu dai ka sani Alhaji, sai ka gyara. Kai injinan a duba, wasu ƴan hannu na zuwa da lasisin Windows na asali manne da injin, wataƙila ba duka biyar ke da matsala ba. Buga takarda LibreOffice na yi kyauta kuma yana buɗe fayil ɗin Word, hoto kuma akwai GIMP da Inkscape, sai dai yaranka za su ɗan sha wuya kafin hannunsu ya faɗa. In akwai aikin da dole sai Photoshop, biya wa inji ɗaya, ka adana faktir. Kwafin da aka fasa don ya yi aiki ba lasisi kuma sau da yawa da birus yake zuwa, kai ko takardun mutane ke hannunka.

In wani ya shigo shago ya ce daga kamfani yake, a biya shi nan take, kar ka miƙa ko dala, ka nemi takardar hukuma, ka tuntuɓi lauya ko BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na ƙasa.