Tukuici da Taura Biyu: Amsar Wasiƙun Masu Karatu

Wata uwa daga Tawa, 'yar ƙungiyar zumuntar mata a majami'arsu, ta rubuto: "Malam, fastonmu ya yi wa'azi a kan Zabura 136, ya ce duk hidimar da muke yi wa Ubangiji tukuici ce. Kalmar ta tsaya mini a rai. Ashe Allah ɗan aike ne da za a ba shi tukuici?"

Mama, kunnenki ya ji daidai, amma faston bai yi kuskure ba. Tukuici a asalinsa shi ne ɗan abin da ake ba wanda ya kawo kyauta. Maƙwabciya ta aiko yarinya da kwanon tuwo ranar suna, ki juye, ki wanke kwanon, ki damƙa wa yarinyar dala ashirin. Dala ashirin ba ta sayen tuwon nan, kuma da za ki aika a tambayo nawa aka kashe don ki biya, da kin zagi maƙwabciyarki. Abin da tukuici ke faɗa shi ne: saƙo ya iso, na gani, na ji daɗi. Shi ya sa Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici. Wanda ba shi da ko dala, bakinsa ya isa.

To dubi Zaburar. Ayoyi 26 gare ta, kowace kuma tana ƙarewa da amshi guda, cewa ƙaunarsa madawwamiya ce, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi. Kalmar Ibrananci da ke ƙarƙashin wannan ita ce hesed, ƙaunar da aka ɗaure da alkawari. Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauke ta, sai akan haɗa biyu, a ce madawwamiyar ƙauna. Madawwamiya daga dawwama take, aro daga Larabci, an ɗora mata ma- irin na marubuci da maɗinki. Ƙauna kuwa ta fi so nauyi. Mutum yana son fura, yana son sabuwar riga, gobe ya so wata. Ƙauna takan daɗe. Abin da ya dawwama ba shi da farashin da za a biya, saboda haka waƙarki a majami'a, baikon da kike bayarwa, dubiyar da kike zuwa asibitin Galmi, duk tukuici ne a wannan ma'ana.

Ni dai da zan yi wa faston ƙari, da na ce kalmar ta fi dacewa fiye da yadda ya zata. Tukuici hannun ɗan aike yake shiga, bai cika komawa ga mai kyautar ba. Haka ma abin da Kirista ke miƙa wa Allah, galibi hannun marayu da baƙi da marasa lafiya yake sauka.

Wani ɗalibi daga Yamai kuma ya tambayi bambancin "da dukan zuciya" da "da zuciya ɗaya".

Ɗana, na farko yana auna yawa, wato ba a rage komai ba. Na biyu shi ne Hausar gida, kuma yana duban rabuwa. Idan aka ce wane ya ba ni da zuciya ɗaya, ana nufin babu ƙyashi, babu wata manufa a ɓoye. Kishiyarsa zuciya biyu, halin mai ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, wanda wasiƙar Yakubu ta kwatanta da raƙuman ruwa da iska ke kaɗawa.

Karin maganar da ta dace a nan ita ce taura biyu ba ta taunuwa. Yaran birni ba lalle su san taura ba. 'Ya'yan itace ne na daji, naman kaɗan, ƙwallon babba mai tauri da zare-zare, guda ma sai ka yi ta juya ta a kunci kafin ka gaigaye. Ka cusa biyu, muƙamuƙi ya ƙi motsi, yawu ya zubo, ba ka ci wannan ba, ba ka ci waccan ba. Abin da Matiyu 6:24 ke faɗa ke nan a kan bauta wa iyayengiji biyu, Allah da dukiya. In ka bi ta kasuwa lokacinta, ka sayi biyu ka gwada.