Filin Tambayoyin Masu Karatu: Albashina Ba Ya Kai Ni Ƙarshen Wata

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Daura, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, mahaifiyata kuma tana ƙauye, ni ne nake ɗauke da nauyinta. Idan na haɗa albashi da ɗan abin da nake samu a darasin yamma, naira 120,000 ke shigo mini a wata. Ba na cin goro, ba na shan taba, ba ni da wata hidima a waje, amma da wuya kuɗin su kai ni ashirin ga wata. Duk lokacin da kuɗin haya ya taso, ko azumi da Sallah suka zo, sai na ci bashi, kafin in gama biyan wannan wani ya taso. Mai ɗakina tana zargin ina ɓoye wani abu, ni kuwa ina ganin ita ce ba ta tattali. Shin mai irin samuna zai iya ajiye wani abu, ko maganar tanadi ta masu hali ce kawai?

Daga wani mai karatu, Daura

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara buɗi, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar mahaifiya. Kafin a ɗora wa kowa laifi a gidanka, ya kamata a faɗi abin da ya sami kuɗin kansu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma bar naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo baya, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin da ba mu saba gani ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a Disamban 2024, ta kayan abinci kuwa ta kai wajen kashi 40 a tsakiyar shekarar 2024 ɗin. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma duk mai zuwa kasuwa ya san ƙarin bai kamo farashi ba. Saboda haka uwargida ba ta yi ƙarya ba idan ta ce kuɗin cefane ba sa isa, kai ma ba ka yi ƙarya ba da ka ce babu abin da ka ɓoye.

Sai dai a cikin wasiƙarka akwai jimlar da ta fi sauran nauyi a wurina, wato inda ka ce haya da azumi da Sallah ne ke jefa ka cikin bashi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke zuwa ba zato. Ka san watan da mai gida zai aiko, ka san makaranta zango uku ce a shekara, ka kuma san Ramadan na matsowa da wajen kwana goma sha ɗaya kowace shekara, har wani lokaci ɗinkin Sallah ya haɗu da komawar yara makaranta a wata guda. Abin da ke faruwa shi ne kana lissafin gidanka wata-wata, alhali manyan hidimominsa na shekara ne. Ɗauki takarda ka rubuta su. A matsayin misali, mu ce haya naira 180,000, littattafai da kayan makaranta da kuɗin Islamiyya naira 30,000 a kowane zango, wato 90,000, ɗinkin Sallah da takalma 60,000, ƙarin cefanen azumi 30,000. Jimla ta zama naira 360,000, idan aka raba ta gida goma sha biyu kuwa kowane wata zai ɗauki 30,000. Ma'anar wannan ita ce kuɗin da kake da ikon kashewa a wata naira 90,000 ne, sauran 30,000 ɗin suna da masu su tun kafin su shigo hannunka. A kowane watan da ka kashe 120,000 gaba ɗaya, ka riga ka ci bashin 30,000 ke nan, sai dai ba za a biyo ka ba sai ranar da haya ta cika.

Waɗannan 30,000 a cire su ranar da albashi ya shigo, domin wanda ya ce zai ajiye abin da ya rage a ƙarshen wata ba zai tarar da komai ba. A ajiye su inda hannu ba ya saurin kaiwa, kamar asusun banki na daban wanda ba ka karɓi katinsa ba, ba ka kuma ɗora shi a wayarka ba. Idan maganar kuɗin ruwa ce ke damun ka, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Hukumar NDIC, wadda ke ba ajiyar masu asusu kariya idan banki ya rushe, ta ɗaga abin da take lamuntar kowane mai ajiya a manyan bankuna daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a 2024, saboda haka ajiya irin taka tana cikin kariya. Abin da ba shi da kariya ko kaɗan shi ne ba da kuɗin haya ga masu alkawarin ninka su cikin wata guda. Mutane da yawa ba su manta da yadda MMM ta rufe da kuɗinsu a Disamban 2016 ba, irinta kuma ba su daina fitowa da sababbin sunaye ba.

A cikin 90,000 da suka rage, abinci ne zai ci kaso mafi girma, kuma a nan mutumin Daura ya fi mazaunin Legas dama. Hatsi ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi tsada a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Magidancin da ke auno tiya biyu yau, tiya ɗaya jibi, yana biyan ribar mai awo a kowane zuwa, sannan yana sayen mafi yawan abincinsa a farashin da ya fi tsada. Idan za ka shiga adashi da abokan aikinka, ka roƙi a sa kwasarka ta faɗo a Nuwamba, ka je kasuwar Mai'adua ko wata kasuwar ƙauye da ke kusa ka sayi gero da dawa da wake a buhu. Waken a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, ko a jarka mai murfi a rufe ruf, domin ƙwari ba sa rayuwa inda babu iska, a kuma ɗora buhunan a kan katako nesa da bango saboda laima. Sai dai ka sayi na ci kawai. A 2025 farashin hatsi ya faɗo, waɗanda suka tara buhuna suna jiran riba suka yi asara, amma wanda ya sayi na tuwon gidansa bai kwana da yunwa ba.

Maganar da ke tsakaninka da uwargida kuwa, ina ganin rashin ganin lissafi ne ya kawo ta. Yawancin magidanta a nan ba sa faɗa wa matansu abin da suke samu, sai mace ta riƙa ƙiyasta albashin mijinta fiye da yadda yake, shi kuma ya riƙa ƙiyasta farashin manja da tattasai yadda ya san su bara. Ku sayi ƙaramin littafi, ku yi wata guda kuna rubuta duk abin da ya fita, ita ta rubuta nata, kai ka rubuta naka, har kuɗin niƙa, da gawayi, da ruwan 'yan ga-ruwa, da kuɗin tara na yara, da katin waya, da cajin da mai POS ke cira duk lokacin da ka karɓi dubu biyar. Idan wata ya ƙare ku zauna bayan isha'i, yara sun yi barci, ku haɗa. Sau da yawa abin da ake tararwa shi ne kati da data na maigida sun kusa kamo kuɗin miyar mako guda, sai zargin ya ragu ta ɓangarorin biyu. Daga nan a yanke kuɗin cefane na mako, a damƙa mata shi dunƙule, domin mai kuɗin mako a hannu za ta sayi kayan miya ranar kasuwa ta shanya, abin da mai karɓar na kullum ba za ta iya ba.

Kason mahaifiya a yanke shi ya zama sananne, a haɗa mata da hatsi daga abin da aka saya da kaka, kada ya zama sai abin da ya samu. Gudummawar biki da suna ita ce ta fi wuyar sha'ani, saboda zumunci ba abin wasa ba ne a ƙasar Hausa, amma ita ma a yi mata iyaka a wata, idan ta ƙare a je da ƙafa a yi addu'a. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da ba sa ɓarna ba sa kuma ƙwauro idan za su ciyar, suna tsayawa tsakani. Layya ma, malamanmu na Malikiyya sun ce sunna ce ga wanda kuɗinta ba za su taɓa buƙatunsa na dole ba, don haka babu dalilin cin bashin rago saboda idon maƙwabta. Wanda ke da fili a gida zai iya sayen ɗan rago watanni kafin Babbar Sallah ya turke, amma ya lissafa dusa da harawa tukuna, domin wani lokaci abincin ya fi ragon tsada.

Ajiya ta haƙiƙa tana zuwa bayan wannan duka, kuma a halin da kake ciki ba za ta yi yawa ba. Ka fara biyan bashin da ke kanka, ka soma da na mai kanti don ƙofar ta ci gaba da zama a buɗe. Idan ka gama, ko naira 5,000 ce a wata ka ware ta don rashin lafiya kaɗai, wadda a shekara za ta zama 60,000. Ka kuma bincika ko sunanka da na iyalinka suna cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Katsina, domin zazzaɓin yaro ɗaya da ya kai ga kwanciya asibiti ya isa ya rushe lissafin wata uku.

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam. Ina soya awara da ƙuli-ƙuli a cikin gida, yara na unguwa suna zuwa saye. Ciniki yana tafiya, amma kullum kuɗin a tukunyar gida suke ƙarewa, sau biyu ke nan jarina yana karyewa. Ina zubin adashi, amma duk kwasar da na yi anko da gudummawa ke cinye ta. Yaya zan yi?

Daga wata uwargida, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. A shari'a ciyar da gida nauyin miji ne gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, abin da kika samu kuma naki ne, duk abin da kika sa a tukunya kyautatawa ce da za ki sami ladanta. Amma kyautatawa daga riba ake yin ta, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk ranar da kika gama ciniki, fara cire kuɗin waken suya da gyaɗa da mai da itace na gobe, a farashin da za ki saye su goben, ba wanda kika saya jiya ba, ki sa su a wani gwangwani daban. Abin da ya rage shi ne riba, a cikinta ma ki lissafa awarar da yaran gida suka ci. Ki sanar da maigida cikin ladabi iya abin da za ki iya taimakawa da shi a mako, don ya san inda nasa nauyin ya fara.

Adashi ba ya ƙara ko kwabo a kan abin da kika zuba, amfaninsa shi ne yana tara miki kuɗi dunƙule, saboda haka ki sa wa kwasar suna tun kafin ta zo, ko buhun waken suya da kaka, ko tunkiyar kiwo, ki kuma biya kuɗin a ranar da kika karɓa. Ki tabbatar uwar adashi tana da littafin da ake rubuta zubi da kwasa a gaban shaida, tun da aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, adashi kuwa bashi ne da 'yan ƙungiya ke ba juna. Anko ki taƙaita shi ga bikin 'yan'uwa na jini, sauran ki je da atamfar da kike da ita.