Amsa ga mai tambaya kan masana'antar jita ta Martin

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi kwana goma a New York, kana son sanin ko ya cancanci ka ware yini guda ka je Nazareth ka ga inda ake ƙera jitar Martin. Ka je, wallahi. Na je, kuma har yau in na ɗauki jita sai na leƙa cikin ramin nan nata.

Nazareth ɗin ta jihar Pennsylvania ce, tafiyar awa biyu ko ƙasa da haka a mota. Ka yi rajista ta intanet tun kafin ka taso, ka kuma zaɓi ranar aiki, don zagayen masana'antar na tsakanin Litinin da Juma'a ne, lokacin da ma'aikata ke kan teburansu. Christian Frederick Martin, Bajamushe, shi ya kafa kamfanin a New York a 1833, daga baya ya dawo da shi wannan ƙaramin gari. Akwai gidan tarihi a harabar, ka ba shi rabin awa ya ishe ka.

Inda nake so ka tsaya ka zuba ido shi ne wajen masu gyara fuskar jita ta ciki. Fuskar nan farin katako ne mara nauyi, galibi daga dazuzzukan Alaska da yammacin Kanada, kaurinsa kamar milimita 3 ne. Tsirkiyoyin ƙarfe shida kuwa suna janta da ƙarfin da ya haura kilo 70. To me ya hana ta tsagewa? Wasu siraran sanduna ne da ake mannewa ta ciki, biyu manya a gicciye kamar harafin X, dabarar da gidan Martin ya shahara da ita tun shekarun 1840. Na tsaya kan wata mata tana fere su da wuƙar sassaƙa, tana cire ɗan ɓawo siriri kamar na albasa, ta shafa da yatsa, ta sake cirewa. In ta bar su da kauri, jita ta yi shiru kamar an toshe mata baki. In ta wuce gona da iri, fuska ta kumbura bayan 'yan shekaru. Duk zaƙin da kake ji a kunne daga hannun irin wannan mata ya fito, kuma mai saye ba zai taɓa ganin aikinta ba.

Gaba kaɗan za ka ga gefunan jita da aka lanƙwasa da zafi da danshi, an jera musu 'yan katakon nan na matse kaya a igiyar shanya, da yawansu, suna riƙe da gam har ya bushe. Akwai injuna ma, har da hannun ƙarfe mai goge fenti, kada ka zaci komai da hannu ake yi.

In za ka sayi jita, ka kula da iska. Su da kansu suna ba da shawarar danshi tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, busasshiyar iska tana tsaga fuskar. Ka haɗa da abin sa danshi na cikin akwati tun daga can.

A ƙarshen zagayen sun ba kowannenmu ɗan faifan katakon da ake yankewa a fitar da ramin jita. Nawa yana cikin akwatin jitata.